TSOHON SUNA A KAN SABON JIRGI: Darasi Don Hakimai Da Malamansu

A cikin watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan gyaran Tsarin Mulkin Nijeriya wanda ya fid da sha'anin reluwe daga cikin al'amuran da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko da su. Tun daga lokacin nan kowace jiha tana da dama ta yi dokarta, ta shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a cikin iyakarta, ko ita kaɗai, ko kuwa da haɗin kan 'yan kasuwa. Yawancin hanyoyin da za a samu ta wannan dama gajeru ne, kuma kowace za ta bukaci suna da za a kira ta da shi, da launin da za a shafa wa jiragenta.

A ƙasashen da suka daɗe da reluwe an sha ɗauko sunan wani tsohon kamfani da ya mutu, da tambarinsa, da irin fentinsa, a ba sabuwar hanya. Abin yana da amfani, yana kuma da haɗari. An shirya wannan darasi don hakimai da malamansu su san yadda za su auna maganar in ta zo gabansu, gama ƙasarsu ce dogo zai ratsa, talakawansu ne kuma za su shiga jirgin. An ɗauki kudancin Kaduna ya zama misali, watau hayin kogi wajen Kakuri da Makera da Barnawa, domin a nan ne manyan hanyoyin jirgi biyu na ƙasar nan suka haɗu.

1. ABIN DA AKE NUFI DA GAJEREN RELUWE

Gajeren reluwe shi ne wanda ba ya tafiya mai nisa. Aikinsa ya tattara taragu daga ma'aikatu da kasuwanni da ɗakunan ajiya, ya ja su zuwa mahaɗa, ya miƙa wa babban reluwe, sa'an nan ya karɓi waɗanda suka zo daga nesa ya kai wa masu su har ƙofa. Wani kuma yakan ɗauki ma'aikata daga unguwanninsu da safe ya komo da su da yamma. Matsayinsa a wurin babban reluwe kamar matsayin rafi ne a wurin kogi: in rafuka sun ƙafe, kogi zai ragu.

Irin wannan reluwe ba shi da yawan jari, ba shi kuma da suna a wurin jama'a ranar da ya fara. Abin da ke sa masu shi su waiwayi tsofaffin sunaye ke nan. Sunan da mutane suka riga suka sani ba ya bukatar shela, kuma launin da tsofaffi suka saba gani yakan sa su amince da jirgin tun ba su shige shi ba.

2. YADDA JIRGI YA ZO HAYIN KADUNA

A shekarar 1907 Gwamnatin Ingila ta yarda a yi hanyar jirgi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Wanda ke riƙe da Arewa a lokacin shi ne Sir Percy Girouard, injiniya ne kuwa na aikin reluwe, wanda ya tsaya a kan aikin kuma shi ne John Eaglesome, shugaban Ma'aikatar Ayyuka. Ta ruwa aka riƙa kawo ƙarafa da injuna har Baro sa'ad da kogi ya cika. Dogon ya bi ta Minna, ya iso hayin Kaduna, ya ƙetare kogin, ya wuce Zariya, ya shiga Kano cikin watan Maris na 1911. Tsawonsa mil 356, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 3 da inci 6. Sunansa Reluwen Baro da Kano.

Can kudu kuwa akwai wani reluwe dabam, na Gwamnatin Ikko, wanda ya taso ta Ibadan da Ilori da Jabba ya zo ya haɗu da wannan a Minna. A Jabba da jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu, sai a 1916 aka buɗe gada. Cikin watan Oktoba na 1912 aka gama reluwen biyu wuri ɗaya, aka sa musu suna Reluwen Nijeriya. Ashe sunan Baro da Kano bai wuce shekara biyar yana aiki ba, ko da yake hanyarsa ta zauna.

Wannan hanya ita ta haifi garin Kaduna. Da Gwamna Lugga ya nemi sabon wurin da zai maye Zungeru, sai ya zaɓi inda dogo ya ƙetare kogi, saboda ruwa da sauƙin zuwa, aka kuwa komo da hedkwatar Arewa nan a 1917. Bayan shekara goma, a 1927, hanyar gabas wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ta iso, ta haɗu da ta yamma a kudancin kogi. Tashar da ke wurin ita ce Kaduna Junction, watau Mahaɗar Kaduna. Mai zuwa Ikko da mai zuwa Fatakwal a nan hanyarsu ta rabu.

Saboda mahaɗar nan ma'aikatu suka taru a hayi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, da jarin hukumomin Jihar Arewa da na wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead. Masaƙar United Nigerian Textiles ta biyo a 1964, a shekarar nan kuma aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta Gwamnati. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot. Auduga na shigowa, yadi na fita, unguwanni suka cika da mutane daga ko'ina. Daga baya ciniki ya ja baya, aikin reluwe ya yi rauni, kaya suka koma kan manyan motoci. Masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, dubban magidanta suka rasa aiki. Cikin watan Janairu na 2018 aka buɗe tashar sauke kayan jirgin ruwa ta kan tudu a Kakuri, don kayan ƙasashen waje su riƙa zuwa har Kaduna kafin a yi musu awon kwastan. In akwai wurin da gajeren reluwe zai sami abin ɗauka a Arewa, to, hayin nan yana cikinsu.

3. SUNAYEN DA SUKA MUTU

Sunaye uku ne na reluwe suka yi zamani a Arewa suka shuɗe.

Na fari shi ne ɗan ƙaramin dogon Wushishi. An fara shi a 1901, aka ƙara shi a 1902, ya haɗa Zungeru da Barijuko a bakin kogin Kaduna, inda jiragen ruwa ke iya zuwa. Tsawonsa wajen mil 22, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Da babban dogo ya iso sai amfaninsa ya ƙare, aka rufe shi a 1910.

Na biyu shi ne Reluwen Baro da Kano, wanda aka riga aka ba da labarinsa.

Na uku shi ne Ƙaramin Reluwen Bauchi. An yi shi don kuzar da ake haƙa a kan dutsen Jos, aka kuma yi amfani da kayan dogon Wushishi wajen fara shi, faɗinsu kuwa ɗaya. Ya tashi daga Zariya, ya kai Rahama a 1912, ya hau dutse ya kai Jos da Bukuru a 1914, mil 143 ke nan. Da babbar hanya ta kai Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta koma can. Ƙaramin ya yi ta lallaɓawa har 1957 aka rufe shi. Abin lura a nan shi ne, jirgin nan bai taɓa shiga birnin Bauchi ba ko sau ɗaya. An sa masa sunan ne don a zamanin ana kiran tudun Jos da sunan Bauchi. Sai da aka yi hanyar Barno, wadda aka fara a 1958 aka gama a 1964, sa'an nan mutanen Bauchi suka ga jirgi a garinsu.

Dukiyar reluwen Gwamnati duka ta koma hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1955. Ita ce magajiyarsu, kuma launin da aka fi sanin jiragenta da shi shi ne kore da ruwan ɗorawa.

4. ABIN DA AKA YI A WASU ƘASASHE

A Amurka an yi wata doka a 1980 wadda ta sassauta wa kamfanonin reluwe, ta sauƙaƙa musu sayar da rassan da ba sa kawo musu riba. Ƙananan kamfanoni suka saye su, har yawan gajerun reluwe a ƙasar ya kai wajen 600. Da yawa daga cikinsu sun ɗauko sunayen da. Akwai wani tsohon kamfani mai suna Wisconsin Central wanda aka narkar cikin wani a 1961, sunansa ya ɓace. A 1987 waɗansu mutane suka sayi hanyoyin da yawancinsu nasa ne tun asali, suka mai da sunan, suka mai da tambarinsa mai siffar garkuwa. Sunan ya dace, gama ƙasar ɗaya ce, garuruwan kuma su ne. Suka yi aiki sosai, suka jawo masu kaya da suka gudu, har a 2001 babban reluwen Kanada ya saye kamfanin. Haka kuma a 1990 aka farfaɗo da sunan Wheeling and Lake Erie a jihar Ohayo, a kan hanyar da tsohon mai sunan ya bi.

A Ingila akwai Great Western Railway, wanda aka kafa da doka a 1835 don ya haɗa Landan da Biristol. Injunansa kore ne. Sunan ya faɗi a farkon 1948 sa'ad da Gwamnati ta karɓe reluwen ƙasar duka. A 2015 kamfanin da ke tafiyar da jirage a wannan hanya ya mai da sunan, ya shafa wa jiragensa kore mai duhu don tunawa da na da. A 2018 kuma aka mai da sunan London North Eastern Railway a kan hanyar Landan zuwa Edinbara, amma wannan sunan kaɗai aka ɗauka, jiragensa fari da ja aka shafa musu, ba launin tsohon kamfanin ba.

Akwai kuma hanya ta uku. A 2012 kamfanin Norfolk Southern na Amurka ya cika shekara 30, sai ya zaɓi injuna 20 ya shafa wa kowane launin ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin da ya gada. Bai sake sunansa ba, bai yaudari kowa ba, ya dai girmama magabata.

Abin da za a koya daga misalan nan shi ne, inda abin ya yi kyau, sabon jirgin yana bin hanyar da tsohon ya bi, yana kuma yi wa jikokin mutanen da tsohon ya yi wa hidima aiki.

5. AUNA SUNAYEN A KAN HAYIN KADUNA

A ƙaddara an yi niyyar shimfiɗa gajeren reluwe daga Mahaɗar Kaduna zuwa ma'aikatun Kakuri da tashar kan tudu, an kuma kawo wa hakimi sunayen nan uku a ji ra'ayinsa. Tambayoyi uku ne zai yi wa kowane suna.

Tambaya ta fari: sunan ya taɓa zama a ƙasar nan? Dogon Wushishi yana bakin kogin Kaduna, amma can nesa a ƙasar da yanzu take Jihar Neja. Ƙaramin Reluwen Bauchi daga Zariya ya tashi ya nufi kudu maso gabas, bai biyo ta garin Kaduna ba. Waɗannan biyu baƙi ne a hayi. Na Baro da Kano kaɗai ne ɗan gida.

Tambaya ta biyu: sunan yana faɗin gaskiya game da inda jirgin zai je? A nan na Baro da Kano ma ya sami tangarɗa, domin ya ambaci garuruwa biyu, gajeren jirgi kuwa ba zai kai ko ɗaya ba. Mutumin ƙauye wanda ya ga an rubuta Kano a jikin tarago yana da hujja in ya zaci Kano za shi. An riga an ga yadda sunan Bauchi ya zauna shekara arba'in da 'yan kai a kan jirgin da bai san ƙofar Bauchi ba, bai kamata a sake irin wannan da gangan ba. Kama da wane ba ta wane.

Tambaya ta uku: sunan na wane ne? Mutuwar kamfani ba ta mai da sunansa kayan tsintuwa. Duk mai son sunan wani tsohon reluwen Gwamnati, ko tambarinsa, ko launin da zai sa a zaci jirginsa na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wajibi ne ya nemi yardar Hukumar a rubuce, sa'an nan ya yi rajistar sunan kamfaninsa da ta tambarinsa bisa doka. Dalilin wannan a fili yake: ran da kayan wani suka ɓace, ko jirgi ya take saniya, tilas mai ƙara ya san wanda zai kai ƙara.

Da an auna haka, shawarar da ta fi ita ce a sa wa hanyar sunan wurin da take, wanda mutane suka riga suka sani, kamar Mahaɗar Kaduna ko Kakuri, a bar tsofaffin sunaye su hau jikin injuna. Wannan al'ada ce da reluwen ƙasar nan ya saba da ita, gama an yi injuna masu sunayen sarakuna, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kawo waɗansu masu yawa aka sa musu sunayen koguna. Inji ɗaya ya amsa sunan Baro, wani Wushishi, wani Rahama. Ta haka yaro zai tambayi ma'anar sunan a ba shi tarihi, fasinja kuma ba zai ɓata ba.

6. MAGANAR LAUNI

Launin jirgi yana da aiki uku. Yana tsare ƙarfe daga tsatsa, yana shaida mai jirgin, yana kuma sa a hango shi daga nesa. Na ukun nan shi ne mafi girma a wuri kamar hayin Kaduna, inda gidaje da kasuwanni suka matso dogo, yara suna ƙetarewa zuwa makaranta, hanyoyin mota kuma sun gicciye shi. Cikin hazon hunturu, ko da almuru, inji mai duhun launi ba ya ganuwa sai ya matso. Saboda haka ne reluwen Ingila ya shiga shafa wa goshin injunansa ruwan ɗorawa tun cikin shekarun 1960, da aka ga injin dizal ba ya hayaƙi da ƙugi irin na mai kwal wanda ke sanar da zuwansa. Ko wane irin launi aka gada, goshin inji dai a ba shi mai haske. In tsohon launi ya yi karo da lafiyar mutane, tsohon launi ne zai kauce.

Sai kuma a duba ƙasa da rana. Jar ƙura takan ɓata farin fenti cikin kwana kaɗan, rana kuma takan cinye ja da wuri. Launin da ba za a iya wankewa da sabuntawa a kan kari ba, gara kada a fara shi, don jirgi mai koɗaɗɗen fenti yakan ci mutuncin sunan da ya ɗauka.

In kuwa ana son a san ainihin launin wani tsohon jirgi, ba a dogara da hoto, gama hotunan zamanin nan baƙi da fari ne, ja da kore duk duhu suke fita. Ba a kuma dogara da tunanin mutum ɗaya. Hanya biyu ce tabbatacciya. Ta fari a nemi takardun odar kaya da na umarnin ma'aikata, irin waɗanda ake ajiyewa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da hedkwatar reluwe a Ebute Metta. Ta biyu a sami tsohon tarago ko inji, a kankare fentinsa a hankali a wani lungu da rana ba ta bugu, shafi bayan shafi, har a kai na ƙasa. Abin da ba a tabbatar ba kada a ce da jama'a shi ne na asali, a ce sabon launi ne da aka zaɓa.

7. BASHIN DA KE BIN SUNA

Wanda ya gaji gona ya gaji gandunta da ƙayarta. Sunan Baro da Kano yana da abin alfahari: shi ya buɗe wa gyaɗa hanya tun daga kakar 1912, har dalar gyaɗa ta tashi a Kano, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Amma yana da wani gefen. Ba da injuna aka yi aikin ƙasar hanyar ba, da hannu aka yi, da kwando da diga. Gwamnati ce ta ɗora wa sarakuna su kawo leburori, sarakuna suka raba wa hakimai, hakimai suka raba wa dagatai. Nufawa da Gbagyi da Hausawan Zazzau da Kano aka riƙa ɗebowa bi da bi. Ana biyansu da kuɗin Turawa, amma da yawa ba da son ransu suka zo ba, wasu an raba su da gonakinsu, wasu kuma sun gudu. Gbagyi kuwa su ne tsofaffin mazauna ƙasar da hayin Kaduna yake.

Hakiman yau sun gaji kujerun waɗanda aka ba wannan aiki, saboda haka su suka fi cancanta su ce, in za a ɗaga sunan, a ɗaga shi da masu ɗaukar kwando. Allo guda a bangon tasha, da Hausa da Gbagyi da Turanci, wanda ya faɗi ƙasashen da leburori suka fito, ya isa ya sauke wannan nauyi.

Bashi na biyu shi ne na aiki. Dattijon da ya yi ƙuruciya a Makera yana tuna zamanin da jirgi ke tashi kullum zuwa Ikko da Fatakwal. In ya ga tsohon suna da tsohon launi, abin da zai sa rai ke nan. Idan jirgin ya yi wata shida ya tsaya, an yi hasara biyu, an ɓata kuɗi, an kuma ɓata sunan da yake kwance da mutuncinsa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Akwai kuma abin da fenti ba ya gyarawa. Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a watan Yuli na 2016, kilomita 186, tasharta tana Rigasa, faɗinta kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne. Haka ita ma ta Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinta a 2021. Taragon da aka yi wa tsohon dogo ba ya hawa sabo, na sabo kuma ba ya hawa tsoho. Gajeren reluwen da bai dace da faɗin babban da zai miƙa wa kaya ba, sai an sauke kayan an sake lodi, wahala da kuɗi su ƙaru. Wannan tambaya tana gaba da ta suna. Haka kuma maganar tsaro: harin da aka kai wa jirgin Abuja ranar 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe mutane aka sace wasu, ya tsai da jirgin har watan Disamba na shekarar. Amincewar jama'a ba ta samuwa sai sun ga ana zuwa lafiya ana komowa lafiya.

8. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da ya kamata a fara tun maganar ba ta taso ba.

(a) Malamin hakimi ya buɗe littafi na musamman, ya rubuta kowane yanki na dogo da ke cikin gunduma, da mai aiki da wanda aka bari, da rassan da suka shiga ma'aikatu, da wuraren da mutane da dabbobi ke ƙetarewa.

(b) Hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwa kada su sa hannu a kan cinikin fili a gefen dogo, ko da an shekara ashirin jirgi bai bi ba. Filin na reluwe ne. Wanda ya gina a kai, ran da aka tashi aiki shi zai yi kuka, shaidar mai unguwa kuwa ba za ta cece shi ba.

(c) A sa ido a kan masu kwance ƙarafan dogo suna sayarwa. Duk ƙarfen da aka sace, ranar komowar jirgi ce aka ƙara nesantawa. In an gani a sanar da 'yan sanda da ma'aikatan reluwe nan da nan.

(d) A nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke zaune a gunduma, direbobi da masu ba da hannu da masu gyaran hanya, a rubuta abin da suka sani, da shekarun aikinsu. In wani yana da tsohon tikiti, ko hula, ko fitila, ko takardar aiki, a rubuta siffarta a bar masa abinsa.

(e) In an kira taron shawara a kan suna, hakimi ya tabbata an gayyaci kowane jinsi na mazauna wurin. Hayin Kaduna gari ne na kabilu da addinai dabam dabam, kuma an sha ganin ƙaramar magana ta zama babba. Sunan wuri, ko na kogi, ko na tsohuwar tasha, ya fi sunan mutum saukin karɓuwa ga kowa.

(f) Kafin hakimi ya sa albarka, ya nemi a gaya masa a rubuce wanda ya mallaki kamfanin, da inda jirgin zai tashi da inda zai tsaya, da faɗin dogon, da wanda zai biya diyya in an yi ɓarna, da wanda zai tsare mararraba. Malami ya ajiye kwafin amsar a ofis, ya aika da ɗaya ga majalisar sarki.

9. TAMBAYOYI DON BITA

1. A wace shekara Reluwen Baro da Kano ya isa Kano, a wace shekara kuma sunansa ya faɗi?

2. Waɗanne hanyoyi biyu ne suka haɗu a kudancin kogin Kaduna, yaushe kuma suka haɗu?

3. Me ya sa sunan Ƙaramin Reluwen Bauchi bai dace da hayin Kaduna ba? A kawo dalili biyu.

4. Don me ba a dogara da tsohon hoto wajen sanin launin jirgi?

5. Wani mutum ya zo da takardar cinikin fili a gefen dogon da aka daina bi, yana so mai unguwa ya sa hannu. Me mai unguwa zai gaya masa, wa kuma zai sanar?

6. Malami ya zana taswirar gundumarsa, ya nuna dogo da mararrabansa, ya kai wa hakimi ya duba.